Kwanciya Ma Tana da Nata Ciwon: Abin da Bincike Ya Gano Kan Motsa Jiki Daga Ƙuruciya Zuwa Tsufa

Idan mutum ya kwanta ciwo a gidajenmu, ko shekaru suka fara ja masa, maganar da ta fi yawa a bakin masu ƙaunarsa ita ce a bar shi ya huta. Dattijo ya yunƙura zai ɗauko buta, ɗansa ya riga shi: "Zauna Baba, bari a kawo maka." Tsohuwa ta sunkuya za ta ɗauki tsintsiya, surukarta ta karɓe: "Haba Hajiya, muna nan kuma ki yi shara?" Tarbiyya ce mai kyau, ba mai son ta gushe. Sai dai akwai wani reshe na ilimin likitanci da ya shafe fiye da shekara 70 yana auna abin da ke samun zuciya da tsoka da ƙashi idan ana motsa su, da abin da ke samunsu idan an bar su. Abin da ya gano ya isa ya sa mu sake duba irin hutun da muke bai wa waɗanda muke so. Jiki ba ya riƙe ƙarfin da aka daina nema a wurinsa, na yaro ne ko na ɗan shekara 90, kuma idan aka koma nema yana maido da kaso mai yawa na abin da ya saki.

Ba mu kaɗai muka ɗauki gado a matsayin magani ba. Har zuwa farkon shekarun 1950, a manyan asibitocin Turai da Amurka, wanda ya samu bugun zuciya kwantar da shi ake yi kimanin mako shida. A baki ake ba shi abinci, a kwance yake biyan buƙatarsa, don a ganin likitocin lokacin zuciyar da ta ji rauni ba ta son a taɓa ta. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah jini ya daskare musu a jijiyoyin ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Wasu ciwon huhu ya kama su saboda daɗewa a kwance. A birnin Boston ne wani babban likitan zuciya, Samuel Levine, da matashin abokin aikinsa Bernard Lown suka fara ɗaga irin waɗannan marasa lafiya suna zaunar da su a kujera tun kwanakin farko. Abokan aikinsu sun yi musu ca, amma sakamakon da suka wallafa a 1952 ya nuna waɗanda aka zaunar ba su cutu ba, sun ma fi samun sauƙi. A yau wanda ya samu bugun zuciya, idan komai ya daidaita, cikin kwana ɗaya ko biyu ake tayar da shi ya taka, daga baya a tsara masa atisaye na makonni.

Gwajin da ya fi fito da ɓarnar kwanciya fili an yi shi a Dalas ta jihar Texas a 1966. Samari biyar ne lafiyayyu, 'yan shekara 20, aka kwantar mako uku ba tare da ciwon komai ba. Kafin su kwanta da bayan sun tashi an auna abin da masana wannan fanni suka fi dogara da shi, wato yawan iskar oksijin da jiki zai iya zuƙa ya yi aiki da ita a minti ɗaya lokacin da mutum ya kai maƙurar ƙoƙarinsa. Masanin Ingila A. V. Hill ne ya kafa wannan awo tun shekarun 1920, kuma shi ne ke nuna haɗin gwiwar huhu da zuciya da jini da tsoka. Cikin mako ukun nan awon samarin ya faɗi da kimanin kashi 27 cikin 100. Aka sa su atisaye na mako takwas, suka maido abin da suka rasa har suka zarce. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan biyar, sun kai hamsin, sun yi ƙiba, aka sake auna su. Abin da shekara 30 ta rage musu bai kai abin da mako uku na gado ya rage musu suna samari ba. Da aka sa su tafiya da gudu da tuƙa keke na wata shida, sai awonsu ya koma inda yake suna 'yan shekara 20.

Mutum biyar ba su da yawa, kuma da a ce wannan kaɗai ne hujja da sai a yi taka-tsantsan. Amma an maimaita irinsa sau da dama, musamman don 'yan sama-jannati, waɗanda rashin nauyi ke yi wa jikinsu abin da gado ke yi wa majinyaci. A tashar sararin samaniya suna yin kusan awa biyu kullum suna motsa jiki, don in ba haka ba ƙashin ƙugu da na baya na iya raguwa da kashi 1 cikin 100 ko fiye a kowane wata. Yadda abin ke faruwa ma an san shi. Idan mutum ya kwanta, ruwan jikin da ke taruwa a ƙafafu yakan dawo ƙirji, jiki ya ɗauka ruwa ya yi yawa, ya fitar da shi ta fitsari. Ruwan jini ya ragu, zuciya ta daina cika sosai, abin da take turawa a kowane bugu ya ragu. Shi ya sa wanda ya daɗe a kwance jiri ke ɗibarsa da zarar ya miƙe. Masu jinya su ga haka su ce bai warware ba, su mayar da shi gado, alhali gadon ne ya kawo jirin. Jiki a nan kamar manomi yake da san noma: muddin sa yana huɗa zai ci dusa, ranar da ya daina aiki aka ga ba za a sake ɗaura masa garma ba, kasuwa za a kai shi. Tsoka da ƙashi tsada gare su wajen ciyarwa, jiki ba ya ciyar da wanda ba ya aiki.

Wannan ɓangaren kwanciya ke nan. Ɓangaren motsi kuwa a cikin motocin haya na Landan aka fara gano shi. Bayan yaƙin duniya na biyu ciwon zuciya ya yi ta kashe maza masu matsakaicin shekaru a Ingila, ba a san dalili ba. Wani likita mai suna Jeremy Morris ya dubi bas-bas masu hawa biyu na birnin, ya ga mutum biyu a mota ɗaya, unguwa ɗaya, rayuwa kusan iri ɗaya. Direba yana zaune kusan dukkan lokacin aikinsa. Kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana yanka tikiti, yana taka matakala 500 zuwa 750 a rana. Morris ya bi bayanan ma'aikata kusan 31,000, a 1953 ya wallafa cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma idan ya kama su ya fi saurin kashe su. Ya ga irin haka tsakanin masu yawon raba wasiƙu da akawun da ke zaune a gidan waya. Aka ce masa ai wataƙila masu ƙiba ne tun asali ke zaɓar tuƙi. Sai ya koma kan girman wandunan da kamfani ke raba wa ma'aikata, ya tarar lallai direbobi sun fi faɗin ƙugu, amma daga baya aka ga ko an kwatanta masu ƙira iri ɗaya, kwandastoci sun fi tsira.

Duk da haka tambayar ba ta mutu ba, kuma tambaya ce mai kyau: motsin ne ke kawo lafiya, ko mai lafiya ne ke iya motsi? Ba a raba wannan gardama sai da gwajin da ake raba mutane ta hanyar ƙuri'a, a sa wasu atisaye a bar wasu, a jira a gani. Ciwon suga ne ya ba da amsa mafi ƙarfi. A birnin Da Qing na ƙasar Sin, daga 1986, an bi mutum 577 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Bayan shekara shida, rukunin da aka sa motsa jiki kawai sun samu raguwar haɗarin kamuwa da kashi 46 cikin 100. A Amurka, gwajin da aka wallafa a 2002 ya raba mutum 3,234 gida uku. Waɗanda aka ba maganin metformin haɗarinsu ya ragu da kashi 31. Waɗanda aka sa tafiyar minti 150 a mako tare da gyara abinci da rage ƙiba, nasu ya ragu da kashi 58, a cikin 'yan shekara 60 zuwa sama ma ya kai kashi 71. Gaskiya ne a wannan na biyun ba motsi kaɗai ba ne, har da abinci. Amma dalilin da ya sa motsi ke aiki a bayyane yake. Tsoka ce ke shanye mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan cin abinci, kuma tsokar da ke aiki tana buɗe ƙofofin shigar suga ko da sinadarin insulin bai yi mata umarni ba. Wannan tasiri yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku sannan ya dushe, shi ya sa likitoci ke cewa kada mai suga ya wuce kwana biyu a jere bai motsa ba. Wanda ya ci tuwon dare ya taka na minti 15 ya fi wanda ya ci ya kishingiɗa, kuma mai na'urar awon suga a gida zai iya ganin bambancin da idonsa. Mai hawan jini ma tafiya a kai a kai tana sauke masa awon sama da kimanin maki 5 zuwa 8, abin da ya yi kusa da aikin ƙwaya ɗaya ta magani, ko da yake ba ta maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

A ƙuruciya maganar ta ƙashi ce fiye da ta zuciya. Ƙashi yana ƙara kauri ne a inda ake dukansa da nauyi, ta hanyar tsalle da gudu da juyi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙashin da mutum zai rayu da shi ana gina shi ne a cikin shekara biyu na tsakiyar balaga. Masu bincike a Finlan sun nuna wannan da wayo a 1995: suka auna hannu biyu na mata 'yan wasan tanis da makamancinsa, hannun da ke riƙe abin bugu da ɗaya hannun. Jini ɗaya, abinci ɗaya, amma hannun wasa ya fi ƙashi, kuma bambancin ya ninka sau biyu zuwa huɗu ga waɗanda suka fara wasan kafin su fara al'ada. Wannan ya dame ni idan na dubi 'ya'yanmu mata. Yarinya tana gaɗa tana tsallen igiya tana 'yar gala-gala, da zarar ƙirji ya fara fitowa sai a ce ta girma, ta nutsu, ta zauna. Daidai lokacin da ƙashinta ya fi buƙatar tsallen ke nan, ƙashin da zai ɗauki ciki da shayarwa, ya kuma tare ta daga karaya bayan al'ada ta ɗauke. Kunya da kamun kai ba su hana a ware wa 'yan mata fili a makarantarsu ko tsakar gidansu ba. Ga kuma makarantun kuɗi da ake buɗewa a gidajen haya, ba filin da yaro zai yi gudun taku ashirin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu minti 60 na motsi a kullum, kuma alƙalumanta sun nuna kashi 81 cikin 100 na matasan duniya ba sa samu, 'yan mata kashi 85, maza kashi 78. Sai dai tsalle ba ya gina ƙashi da iska. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe a can ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babbar matsalarsu. Yaro mai wasa yana buƙatar nono da sauran abincin da ke gina ƙashi.

Mai ciki lafiyayya ma ba a ce ta kwanta ba. Tafiyar minti 150 a mako tana rage mata haɗarin sugan ciki da hawan jini, sai fa idan akwai zubar jini ko wata matsala da ungozoma ko likita suka ce ta dakata.

Inda binciken ya fi ba da mamaki shi ne tsufa. Daga shekara 30 tsoka takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, bayan 60 abin ya ƙara sauri. Zaren tsoka masu saurin amsawa su ke fara tafiya, waɗanda ke ceton mutum idan ya yi tuntuɓe. Gado kuwa ya fi yi wa tsoho ɓarna: a wani gwaji na 2007, lafiyayyun dattawa masu kimanin shekara 67 sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa cikin kwana goma kacal a kwance. An daɗe ana ɗauka wannan hanya ce da ba a dawowa. A wani bincike da aka wallafa a 1990, likita Maria Fiatarone ta shiga wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta zaɓi mutum goma masu shekara 86 zuwa 96, masu rauni, yawancinsu da cututtuka iri-iri. Sau uku a mako tsoho zai zauna a kujerar na'ura, a sa masa nauyi a ƙafa, ya miƙe gwiwa a hankali ya sauke, sau takwas, ya huta, ya sake, har zagaye uku. Nauyin ba na wasa ba ne, kusan kashi 80 cikin 100 na iyakar abin da zai iya ɗagawa ne, kuma ana ƙara shi yayin da ƙarfi ke ƙaruwa. Tara suka kammala mako takwas. Ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, tsokar cinya ta ƙara kauri da kashi 9, biyu suka ajiye sandar dogarawa. Bambancin da ke tsakanin 174 da 9 yana da ma'ana: mafi yawan ƙarfin ba daga sabuwar tsoka ya zo ba, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suka sake koyon kiran tsokar da ke nan tana barci. Da aka dakatar da atisayen mako huɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya zube.

A Burazil, Claudio Gil Araújo da abokan aikinsa sun gwada mutum 2,002 masu shekara 51 zuwa 80 da abu mai sauƙi: zauna a ƙasa ka tashi, ana rage maka maki duk lokacin da ka dafa hannu ko gwiwa. Waɗanda suka fi ƙarancin maki haɗarin mutuwarsu a shekarun da suka biyo baya ya ninka na masu maki mai yawa fiye da sau biyar. Ba tashin ne ke tsawaita rai ba. Alama ce ta ƙarfin cinya da laushin gaɓɓai da daidaiton tsayuwa. Mu kuwa wannan gwaji rayuwarmu ce ta kullum. Dattijon da ke zama a tabarma, yana cin abinci a ƙasa, yana tsugunawa alwala, yana sujada yana miƙewa, yana takawa masallaci sau biyar, yana yin atisayen da a wasu ƙasashe sai an biya kuɗi ake koya wa tsofaffi. Wanda lalura ta sa shi salla a kujera addini ya yi masa rangwame, ba a nan maganar take ba. Maganar ita ce kada 'ya'ya, don sun samu hali, su gaggauta raba iyayensu da wannan motsi: mota zuwa masallacin da ke bayan gida, yaro mai miƙo komai, kujera mai laushi daga safe har dare. Girmama tsoho ya haɗa da a taka tare da shi, a riƙe masa hannu inda hanya ba ta da kyau, a bar masa aikin da yake iyawa kuma yake so.

Ciwon gwiwa shi ne uzurin da aka fi kawowa, kuma ciwo ne na gaske. Amma a amosanin gwiwa na tsufa, ƙarfafa tsokar cinya shi ne matakin farko da masana suka yi ittifaƙi a kai, kuma sauƙin da yake kawowa ya yi kusa da na ƙwayoyin kashe zafi da ake saya a kemis ana sha wata da watanni, waɗanda ke cin ƙoda suna jawo gyambon ciki. Tashi daga kujera a zauna sau goma, a huta, a sake, ba ya buƙatar na'ura. Atisayen daidaita tsayuwa, kamar tsayawa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, yana rage yawan faɗuwar tsofaffi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma duk wanda ya ga yadda karayar ƙugu ke ƙarar da tsoho ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shanyewar ɓarin jiki ita ce inda jinkiri ya fi tsada. Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi ta kewaye wurin da ya lalace, amma ta fi yin haka a wata uku zuwa shida na farko, kuma maimaici ne ke buɗe su. Masanin Amurka Edward Taub ya nuna cewa hannun da ya yi rauni yakan ƙara mutuwa ne saboda mai shi ya koyi daina amfani da shi. Idan aka ɗaure lafiyayyen hannun na wasu awanni a rana aka tilasta wa mai raunin ɗaukar cokali da kofi, yakan farfaɗo ga waɗanda ke da sauran motsi a yatsu. Mutane da yawa suna zuwa sashen gashi suna jiran a sa musu zafi a yi musu tausa. Waɗannan suna rage ciwo, amma abin da ke maido da hannu shi ne motsin da majinyaci ya yi da kansa sau ɗaruruwa, mafi yawansa a gida, tare da mai jinyar da likitan gashi ya koya wa. Addu'a da wannan ba sa karo. Abin da ke cutarwa shi ne a shafe watannin farko ana yawon neman magani majinyaci yana kwance. Duk da haka gaggawa ma tana da iyaka. Wani babban gwaji da masu bincike na Ostireliya suka jagoranta, mai mutum 2,104, da aka wallafa a 2015, ya nuna waɗanda aka tayar da yawa tun cikin awa 24 na farko sun ɗan fi samun mummunan sakamako. Motsi magani ne mai ƙa'ida da lokaci. Ko a ciwon daji an fara ganin haka: a 2025 gwajin mutum 889 da aka yi wa aiki da magani kan kansar babban hanji ya nuna waɗanda aka haɗa da mai horarwa na shekara uku, yawancinsu tafiya da sauri kawai suke yi, haɗarin dawowar ciwon ko mutuwa ya ragu musu da kashi 28 cikin 100.

A nan mai karatu zai iya cewa, in haka ne ai manomi da ɗan dako da mai ga-ruwa da matar da ke daka tana ɗebo ruwa sun fi kowa lafiya. Binciken bai ce haka ba. Masana a Denmak, musamman Andreas Holtermann, sun daɗe suna nuna cewa aikin ƙarfi na neman abinci ba ya ba zuciya irin ribar da atisaye ke bayarwa. Wani nazari na 2018 da ya haɗa bincike 17 ya samu cewa maza masu aikin ƙarfi sosai haɗarin mutuwarsu da wuri ya fi na masu aiki mara nauyi da kashi 18 cikin 100. Talauci da shan taba suna da hannu a wannan adadi, amma akwai dalili na jiki. Atisaye gajere ne, yana ɗaga bugun zuciya sannan a huta, kuma a lokacin hutun ne jiki ke gini. Dako awa takwas ne ko goma, da nauyi a ka ko a kafaɗa da ke ɗaga hawan jini, a cikin rana, gobe ma haka, ba tare da isasshen abinci ba. Rashin adalci ne a ce wa irin wannan mutum ya ƙara motsa jiki. Shi hutu da ruwa da abinci da awon jini yake buƙata. Wa'azin motsi na ɗan kasuwar da ke zaune a shago daga hantsi zuwa magariba ne, da ma'aikacin ofis, da tela, da direban Adaidaita Sahu, da uwargidan da ta samu 'yan aiki, da manomin jiya da ya dawo birni ya ajiye fartanya bai rage tuwo ba.

Da yawa kuma suna farawa don teɓa, su ga sikeli bai motsa ba su bari. A binciken da ya wallafa a 2012, Herman Pontzer ya auna mafarautan Hadza na Tanzaniya, masu tafiyar kilomitoci kullum, ya tarar ƙarfin abincin da jikinsu ke ƙonawa a rana, idan aka yi la'akari da girman jiki, bai fi na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Jiki yana rage kashewa a wani wuri idan an ƙara a wani. Rage ƙiba a kwano yake farawa. Ribar motsi tana cikin jini da zuciya da tsoka ko nauyi bai sauka ba. Mutane ma ba sa amsawa daidai: a binciken iyalai da Claude Bouchard ya jagoranta, an ba ɗaruruwan mutane atisaye iri ɗaya na mako 20, wasu awon iskarsu ya ƙaru da kusan rabi, wasu da ƙyar ya motsa, kuma kusan rabin wannan bambanci gado ne. Don haka kada wanda ya fara tare da abokinsa ya karaya don abokin ya wuce shi.

Nawa ne ya isa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato wanda kana iya magana a cikinsa amma ba za ka iya rera waƙa ba, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Amma riba mafi girma tana tsakanin babu da kaɗan. A Taiwan an bi mutum fiye da 400,000, aka ga minti 15 a rana ya zo da raguwar mutuwa da kashi 14 cikin 100. Taku 10,000 da wayoyi ke ƙirgawa daga tallar wata na'urar Japan ta 1965 ya samo asali. Binciken I-Min Lee na 2019 kan tsofaffin mata ya ga amfani tun daga taku 4,400, ya kuma daidaita a wajen 7,500.

Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje a ƙasashe masu sanyi aka yi su, don haka aiki da su a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara ke wuce maki 40, yana buƙatar hankali. Bayan asuba ko bayan rana ta yi sanyi ne lokaci, da ruwa a hannu. Mai azumi ya sassauta, ya yi dab da shan ruwa ko bayansa. Mai sikila an daɗe ana hana shi komai, amma gwajin da aka yi a Faransa ya nuna atisaye matsakaici da aka auna wa kowa gwargwadonsa bai tayar da ciwon ba, ya ma ƙara musu juriya. Abin gudu shi ne kai wa maƙura, da ƙishirwa, da zafi ko sanyi mai tsanani. Mai suga da ke shan magani ko allura ya riƙe dabino ko alewa saboda faɗuwar suga, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan tafiya. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko hakin da ya fi ƙarfin aikin da yake yi, ya tsaya ya ga likita kafin ya ci gaba. Wannan ya fi shafar mai jego, domin arewacin Nijeriya na cikin wuraren da raunin zuciya bayan haihuwa ya fi yawa a duniya, abin da likitoci a Zariya suka rubuta tun shekarun 1970. Mai jegon da ke haki idan ta kwanta, ƙafafunta suna kumbura, ba kasala ke damunta ba da za a ce ta tashi ta motsa. A kai ta a duba zuciyarta a ranar.